Ƙaramin jirgi mara nauyi ya faɗo an rasa rai: ta yaya ake gano abun da ya jawo?

Duk lokacin da aka ce ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan marasa nauyi ya faɗo matuƙin ya rasu, tun kafin a kwashe tarkacen za ka ji mutane sun gama yanke hukunci. Wannan ya ce inji ne ya mutu, wancan ya ce ai dama abun ba shi da maraba da keke mai fiffike, wani kuma ya ce matuƙin ne bai iya ba. Abun yana damuna gaskiya, domin mutum ne ya mutu, yana da iyali da ke son sanin abun da ya faru da shi, kuma akwai wasu da gobe za su hau irin jirgin nan sak. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ake binciken irin wannan hatsari.

Tukuna ma, wane irin jirgi ake nufi?

Shine wanda Turawa ke kira altiralait, a Ingila su ce maikurolait, a Faransa kuma ULM. Kowace ƙasa da yadda ta yanka masa iyaka. A Amurka dokar da ake kira Part 103, wadda ta fara aiki a 1982, ta ce mutum ɗaya zai ɗauka, nauyinsa in babu mai babu mutum kar ya kai kilo 115, tankinsa kar ya wuce lita 19, gudunsa kar ya haura kamar kilomita 102 a awa. In jirgi ya cika waɗannan sharuɗɗan to ba a buƙatar lasisin tuƙi, ba rajista, ba takardar likita. A Turai kuwa akwai masu kujera biyu, da can iyakarsu kilo 450 ne har da mutane da mai, yanzu ƙasashe da dama sun ɗaga zuwa 600, kuma can sai da lasisi.

Sannan ba siffa ɗaya ba ne. Akwai mai kamar jirgi sosai da fiffike da jela, akwai wanda keke ne mai ƙafa uku a rataye ƙarƙashin fiffiken yadi ana tuƙa shi da karkata nauyi, akwai na laima mai inji a baya. Wannan bambancin yana da muhimmanci a wurin bincike, za mu zo kansa.

Wa ke da alhakin binciken?

A nan ne matsalar take farawa. Manyan jirage in sun yi hatsari ba a tambaya, akwai hukumar da za ta zo, NTSB a Amurka, AAIB a Ingila, BEA a Faransa, BFU a Jamus, TSB a Kanada, ATSB a Ostireliya. Dukansu suna tafiya ne a kan tsarin da ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shimfiɗa a kundinta da ake kira Annex 13, wanda ya faɗa ƙarara cewa manufar bincike ita ce hana sake aukuwar hatsari, ba ɗora wa wani laifi ba. Amma ƙananan nan ba kullum suke samun wannan gatan ba. A Amurka misali dokar ba ta ma ɗauki na Part 103 a matsayin cikakken jirgi ba, saboda haka sau da yawa NTSB ba ta zuwa, sai dai 'yan sandan yankin da likitan binciken gawa su rubuta nasu su rufe fayil. A wasu ƙasashen ƙungiyar masu irin jiragen ce ke taimakawa da binciken, irin BMAA a Ingila.

Ɗan sanda zai iya tabbatar maka ba kashe mutumin aka yi ba, wannan aikinsa ne kuma ya iya shi. Amma bai san me zai duba a jikin kusar da ta riƙe fiffike ba. In ba a kira wanda ya san jirgin ba, shikenan ilimin ya tafi tare da tarkacen.

To ai ba su da baƙin akwati, da me ake binciken?

Da tarkacen kansa, da ƙasar da ya faɗa, da takardun jirgin, da mutanen da suka gani. Haka dama aka yi ta bincike shekara da shekaru kafin baƙin akwati ya zo. Yanzu kuma an samu sauƙi, domin kusan kowane matuƙi na ɗauke da waya ko na'urar GPS, wasu har da kyamara a maƙale a hularsu ko a fiffike. Daga GPS ana fitar da hanyar da ya bi da tsayinsa da gudunsa a ƙasa. Bidiyo kuwa ko hoton bai nuna komai ba sautin kawai ya isa a auna yawan juyin da injin ke yi a minti, a san daidai daƙiƙar da ya fara tari ko ya ɗauke. Katin ajiyar kyamara yakan tsira ko da ita kyamarar ta farfashe, shi ya sa ake bin ciyawa ana nemansa kamar an jefar da allura.

Da sun isa wurin me suke fara yi?

Ba sa taɓa komai tukuna. Hoto ake ɗauka ta kowace kusurwa, a auna, a zana taswirar inda kowane yanki ya faɗa. Sai a nemi ƙarshen jirgin guda huɗu, wato hanci, jela, da bakin fiffike na dama da na hagu. In duk suna wuri ɗaya to jirgin ya iso ƙasa a haɗe. In kuwa aka tsinci wani yanki na fiffike can nesa a bayan inda jirgin ya faɗi, to magana ta canza, ya fara wargajewa ne tun a sama.

Ita ma ƙasar tana ba da labari. Jirgin da ya zo da gudu a kwance zai bar dogon shaida, ya ja ƙasa, ya watsar da kaya a jere. Wanda ya faɗo yana juyi kamar katantanwa kuwa a wuri ɗaya za ka same shi a tare, hanci ya nutse, fiffike ɗaya ya fi ɗayan lalacewa, jela ta murɗe gefe. In akwai bishiyoyi ana duba tsayin rassan da aka sare, daga nan a lissafa kusurwar da ya sauko da ita. Ana kuma ɗaga kai a duba wayoyin lantarki, domin masu irin jirgin nan suna son tashi ƙasa-ƙasa, kuma waya ba ta ganuwa daga sama sai ka zo kanta.

Ta yaya za a san ko injin na aiki lokacin da ya bugi ƙasa?

Farfela ake fara tambaya. In inji na ba da ƙarfi sosai, farfelar katako ko ta roba mai ƙarfi ragargajewa take yi, duk fuka-fukanta su karye gutsi-gutsi su watsu nesa, wani lokacin har ka ga inda ta sassare ƙasa a jere. In kuwa a tsaye take, sau da yawa wanda ya kalli ƙasa ne kawai zai karye sauran su tsira lafiya lau. Ba hujja ce da ake tsayawa a kanta ita kaɗai ba amma tana nuna hanya.

Daga nan sai mai. Akwai fetur a tanki? In tankin ya fashe, ana jin warinsa a ƙasa, ciyawar wurin ta ƙone bayan kwana biyu? A buɗe kofin kafireta a ga ko akwai mai a ciki, a ga ko da ruwa ko datti, a duba filta da tiyo, a duba ɗan ramin da tanki ke shaƙar iska ta ciki domin in ya toshe mai zai daina sauka alhali tankin a cike yake. Fetur mai haɗin etanol ma ana tambayarsa, yana jan ruwa kuma yana cin wasu tiyo da wasu tankunan.

Sai a kwance injin. Yawancin jiragen nan injin Rotax na ƙasar Ostiriya ne a jikinsu, tsofaffin irin 503 da 582 masu bugu biyu ne, wato masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai, sai 912 mai bugu huɗu wanda ya fi juriya. Mai bugu biyu in mai ya yi masa kaɗan iska ta yi yawa, ko haɗin baƙin man bai yi daidai ba, ko aka ba shi wuta bai gama ɗumama ba, fistin zai kumbura ya kama jikin silinda injin ya tsaya cak ba sallama. Abun haushin shine in ya huce yakan saki, ka juya shi da hannu ya juya kamar ba abun da ya faru. Sai an cire an ga zanen da ya kankare a jikin fistin sannan gaskiya ta fito. Kalar fulogi ma tana faɗin yadda yake ƙona mai kafin ya tsaya.

In an tabbatar inji ne ya mutu, ba shikenan an gano dalili ba?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so mutane su riƙe. Jirgi ba dutse ba ne, in inji ya ɗauke fiffike na nan, zai ci gaba da shawagi yana saukowa a hankali. Irin waɗannan ma da suke sauka da gudun da bai fi na babur ba, fili kaɗan ya ishe su. Matuƙa da yawa inji ya mutu musu sun sauka a gona sun fito da ƙafarsu. Saboda haka mai bincike na ƙwarai tambaya biyu yake yi, me ya kashe injin, sannan me ya sa mutuwar injin ta zama mutuwar mutum.

Amsar ta biyun sau da yawa ita ce fiffike ya saki iska, abun da matuƙa ke kira sitol. Fiffike na ɗaga jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul, in aka ɗaga hanci fiye da kima gudu ya ragu, iskar sai ta rabu da shi, ɗagawar ta tafi, hanci ya faɗi. In a lokacin jirgin na cikin kwana to fiffike ɗaya zai riga ɗayan saki, jirgin ya kife ya shiga juyi. Can sama da nisa ana iya gyarawa. Kusa da ƙasa babu lokacin.

Ka ɗauka mutum ya tashi kenan, hanci a sama, bai fi tsayin dogon bene ba sai inji ya yi shiru. Jirgin ba nauyi, ga iska na riƙe shi ta ko'ina saboda wayoyi da bututai a waje, cikin daƙiƙa biyu uku gudun ya zube. Abun da aka koya masa shine ya dunƙufar da hanci nan take ya sauka a abun da ke gabansa ko da kuwa gona ce ko ƙaiƙayi. Amma zuciya tana ce masa ga titin jirgi nan a bayanka, juya ka koma, ka ceci jirgin da ka kashe kuɗinka da shekarunka a kai. Sai ya karkata da ƙarfi. To a kwana mai digiri 60 nauyin da fiffike ke ɗauka ninki biyu ne, kuma gudun da yake sakin iska yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, wato wanda da sai ya sauko kilomita 50 a awa zai saki, yanzu a 70 zai saki. Wannan juyowar ta kashe matuƙa da yawa, ƙwararru ma ba 'yan koyo kawai ba. Wallahi in ka karanta rahotannin sai jikinka ya yi sanyi, domin sau tari filin da zai sauka lafiya yana nan a gabansa.

Shi ya sa in rahoto ya tsaya a "inji ya mutu" to rabin aiki aka yi.

Komai ya kakkarye, ta ina za a bambance abun da ya karye a sama da wanda ƙasa ta karya?

Bakin karayar ake dubawa. Ƙarfen da aka fi ƙarfinsa lokaci ɗaya yakan lanƙwashe ya miƙe kafin ya tsinke, bakinsa ya yi kaushi-kaushi launi ɗaya. Wanda ya gaji kuwa, wato tsaga ta daɗe tana cinsa a hankali saboda girgiza, za ka ga wani ɓangare sumul da layuka a jere kamar shaidar da ruwa ke bari a bakin rafi, wani lokacin da tsatsa ko baƙi a tsohon wurin, sai ɗan abun da ya rage wanda ya ƙarasa tsinkewa a ranar. Ana kai shi ɗakin gwaji a duba da madubin ƙara girma.

Wayoyin sarrafawa kuma ɗaya bayan ɗaya ake binsu tun daga sandar da ke hannun matuƙi har zuwa jela da fiffike. Wayar da aka ja ta tsinke bakinta yakan baje kamar tsintsiya. In kuwa aka samu wata ba ta tsinke ba amma ba a haɗe take ba, ramin kusa lafiya lau babu kusa babu noti, to a nan gaban mai bincike ke faɗuwa, domin da yawa daga jiragen nan ana naɗe fiffikensu a ajiye, a sake haɗawa ranar tashi, kuma fil ɗaya da aka manta ya isa.

Akwai misalin da aka sani. John Walton, ɗan mai kamfanin Walmart, ya rasu ranar 27 ga Yuni 2005 jim kaɗan bayan ya tashi daga filin jirgin Jackson Hole a jihar Wayomin ta Amurka a cikin jirgi samfurin CGS Hawk Arrow. Mutum ne da ya daɗe yana tuƙi. Abun da NTSB ta gano shine wani zoben kulle da ke riƙe bututun da ke sarrafa ɗagawa da sauke hanci ba a mayar da shi daidai ba bayan an yi aiki a wurin, sai bututun ya zame baya, wayoyin suka saki, hancin jirgin ya daina jin umarni. Zobe ne da za ka rufe a tafin hannunka. Da ba a bi wayoyin nan ɗaya-ɗaya ba da sai a ce kawai ya kasa riƙe jirgi.

Yadin fiffike ma ana gwada shi. Yawanci wani yadin roba ne da ake kira Dacron, kuma rana tana cinsa, ido zai ga kala ta ɗan koɗe kawai alhali ƙarfinsa ya tafi, zaren ɗinkin ma haka. Akwai ɗan ma'auni mai ƙugiya da ake ja da shi a ga nauyin da zai jure kafin ya yage.

Yanayi fa?

Iskar da babban jirgi ba zai ma ji ta ba ita ce ke wurgi da waɗannan. Guguwar rana tsaka, iskar da ke birkicewa a bayan bishiyoyi ko tsauni ko dogon gini, iskar da ke gaban hadari, har da wadda babban jirgi ko helikwafta ya bari a bayansa. Matsalar ita ce tashar auna yanayi mafi kusa tana iya zama kilomita da yawa daga wurin, dole a haɗa da abun da mutanen wurin suka gani da yadda hayaƙi ko ƙura ke tafiya a bidiyo. Zafi da tudu su ma suna rage kaurin iska, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗagawa, sai ka ga jirgin da ke tashi cikin sauƙi da asuba yana jan ciki da azahar. In an ɗora masa fasinja mai jiki da cikakken tanki to lissafin ya ƙara ɓaci, shi ya sa ake auna nauyin duk abun da ke ciki da inda aka ajiye shi.

Shaidun gani da ido, ana yarda da su?

Ana saurarensu da kyau, kowa shi kaɗai, kuma da wuri kafin su zauna su haɗa labari ba da niyya ba. Ba ƙarya suke yi ba, tsoro ne ke jirkita tsarin abun a ƙwaƙwalwa. Mutum zai rantse ya ga wuta a sama alhali sai da ya faɗi ta tashi. Sauti kuma yana makara, mita 340 yake yi a daƙiƙa, wanda ke nesa da kilomita ɗaya sai bayan kamar daƙiƙa uku zai ji abun da idonsa ya riga ya gani. Masu bincike sukan mayar da mutum daidai inda ya tsaya, su ba shi ɗan jirgin wasa su ce nuna mana da hannu yadda ya yi. Hannu ya fi baki faɗin gaskiyar abun.

Me ya sa sai an binciki gawar? Iyali ba sa so.

Na fahimci nauyin abun, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum a dakata da gawar ɗan'uwansa. Amma akwai tambayoyin da babu mai amsa su sai jikin. Zuciyarsa ce ta buga tun a sama? Akwai giya ko maganin da ke sa barci a jininsa, ko da na mura ne? Ya shaƙi hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki? In mutum biyu ne, raunin hannu da ƙafa kan nuna wanda ke riƙe da sanda. Sannan raunukan suna nuna ko hatsarin irin wanda ake iya tsira ne, wataƙila bel ɗin kafaɗa ne babu, ko maɗaurinsa ya tsinke, ko bai sa hular kwano ba. Wannan sau da yawa wanke matuƙin yake yi, ba tona masa asiri ba.

In rahoto ya ce kuskuren matuƙi ne, ba ɗora wa mamaci laifi ba ne tunda ba zai iya kare kansa ba?

In an tsaya a nan, eh haka ne, kuma ni ban yarda da irin wannan rahoton ba. Kuskure ba ƙarshen tambaya ba ne, mafarinta ne. Wa ya koya masa, awa nawa ya yi a irin wannan jirgin takamaimai, yaushe rabonsa da tashi, ya taɓa gwada mutuwar inji tare da malami? Ga wani abu da mutane ba su sani ba, a jirgi mai sanda in kana son hawa sama jawo sandar kake yi, a mai karkata nauyi kuwa tura sandar gaba kake yi, komai a juye yake. Wanda ya shekara ashirin a ɗaya ya koma ɗayan, ranar da abu ya rikice hannunsa tsohon karatu zai tuna. Ka ce masa mai kuskure? Ko kuwa horon sauya jirgin ne bai isa ba?

Wani masanin halayyar ɗan adam ɗan Ingila mai suna James Reason ya kwatanta abun da katangu a jere kowacce da 'yan ramukanta, hatsari na faruwa ne ranar da ramukan suka daidaita. Tsohon tiyo, da ɗan ruwa a mai, da zafin rana, da jama'a a ƙasa suna kallo suna ɗaukar bidiyo, da matuƙin da ya wata shida bai tashi ba. Cire ɗaya daga ciki wataƙila da ya koma gida.

Ba akwai laimar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya ba?

Akwai, roka ce ke harba ta, kamfanin BRS na Amurka ya fara yinta tun farkon shekarun 1980, kuma a Jamus dole ce a jikin irin jiragen nan. Ta ceci rayuka. In an samu mutuwa a jirgi mai ita, ana duba ko an ja hannunta, ko tsayin bai isa ta buɗe ba, ko an ɗaura ta ba daidai ba, ko fil ɗin tsaro na nan a maƙale ba a cire shi kafin tashi ba.

Ai ajali ne, me tone-tonen zai ƙara?

Ajali gaskiya ne, babu mai ja da wannan, kuma bincike ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Amma in kusar da ta karye a wannan jirgin irinta ce a jikin wasu ɗaruruwa da ke tashi a ƙasashe daban-daban, sanarwa ɗaya daga kamfani ko hukuma za ta sa kowa ya je ya duba tasa. Yin shiru a nan ba tawakkali ba ne, barin rami ne a buɗe a kan hanya bayan ka ga wanda ya faɗa.

In ni na fara isa wurin me zan yi?

In akwai mai rai, ceto ne farko, komai ya biyo baya, ka kira masu agajin gaggawa. Amma ka kula da kanka, akwai fetur, kar a kunna sigari ko wani abu mai tartsatsi, kar ka tsaya kusa da farfela. Mafi haɗari ita ce rokar laimar nan in ba ta tashi ba, tana nan da ranta kuma tarkacen da ya lanƙwashe zai iya jan wayarta, kar ka tsaya a saitin bakinta, kar ka ja wani jan hannu, kar ka yanke wayar da ba ka sani ba. In jirgin ya ƙone ka nisanci hayaƙin da ƙurar.

In kuwa ba sauran wanda za a ceta, to a bar komai yadda yake. Kar a juya makunni, kar a rufe ko buɗe famfon mai ba tare da an faɗa wa masu bincike ba, kar a ɗauki wani yanki a tafi da shi. In dole ta sa an motsa abu don fitar da mutum, a ɗauki hoto kafin nan in da hali, ko a rubuta abun da aka taɓa. Hotunan kuma na masu bincike ne, don Allah kar a watsa hoton mamaci, iyalinsa na iya gani kafin a sanar da su.

Yaushe ake samun sakamako, kuma kullum ana ganowa?

A tsarin ICAO rahoton farko cikin kwana 30 ne, wanda bayanin abun da aka gani ne kawai ba dalili ba, na ƙarshe kuma ana so ya fito cikin shekara ɗaya in ya yiwu, amma yakan wuce haka. In an ga wani abu mai haɗari ga sauran jirage ba a jiran ƙarshen, nan take ake fitar da gargaɗi.

Ba kullum ake ganowa ba. Wuta kan cinye yadi da tiyo da alminiyon, ruwa kan tafi da wani yankin. Akwai kuma ƙanƙarar kafireta, wadda take ba masu bincike wahala ƙwarai. Iska in ta matse ta wuce maƙogwaron kafireta fetur na tururi a ciki, zafinta kan faɗi da digiri 20 ko fiye, saboda haka ko a ranar da ba sanyi in akwai laima a iska ƙanƙara na iya taruwa ta shaƙe injin. Kafin kowa ya iso ta narke. A ɗora injin a kan benci a tayar ya tashi lafiya lau. A irin wannan sai dai mai bincike ya ɗauko zafin ranar da yawan laimar iskar ya ɗora a kan jadawalin da aka tanada don haka, ya rubuta cewa yanayin na iya haifar da ƙanƙara, sannan ya jera duk sauran abubuwan da ya duba ya tarar ba su da matsala.